Daga Ƙaura zuwa Zurmi da Shinkafi: Awon Yaro Daga Uwarsa Yake Farawa

Ƙaura Namoda gari ne da layin dogo ya zo ya ƙare a cikinsa. A 1929 Turawa suka jawo ƙarfen daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya zo nan ya tsaya, domin kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku. Jirgi ya daɗe da daina zama abin dogaron mutanen garin, amma tashar na nan, kuma duk dattijon da ka zauna da shi sai ya nuna maka inda ake jibge buhunan gyaɗa a da. Garin ya ci sunan Namoda ne, jarumin Alibawa da ya yi jihadi tare da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Tun da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 1983 ya ƙara cika da baƙi, malamai da ɗalibai da masu sayar musu da abinci. Daga nan hanya ke rabuwa biyu: ɗaya ta nufi Zurmi ta ɓulle Jibiya, ɗaya ta miƙe Shinkafi har Isa da Sabon Birni.

Abin da ya kawo ni wannan yanki wani rahoto ne. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitocin nan ta MSF, da ake kira Likitoci Na Gari Na Kowa, ta haɗa hannu da ma'aikatar lafiya ta jiha suka auna yara sama da 97,000 'yan ƙasa da shekara 5 a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi. Suka tarar kashi 27 cikin ɗari na fama da tamowa, kashi 5 cikin ɗari kuma tamowar tasu mai tsanani ce. Kafofin labarai sun ɗauka, an nuna hotunan yara masu siraran damatsa, an yi jimami. Ni kuwa abin da ya tsaya min a rai shi ne matar da ke riƙe da yaron a kowane hoto. Ita wa ya auna ta? Me ta ci a wata taran da yaron nan ya yi a cikinta, kuma yaya jininta yake a lokacin?

Na fara da wani ƙaramin asibiti a ranar awon ciki. Tun hantsi bencina suka cika da mata cikin hijabai, kowace da katinta a hannu, wasu da goyo a baya da ciki a gaba. Aikin a jere yake: a hau sikeli, a ɗaura abin awon jini a damtse, malamar asibiti ta shafa cikin ta auna tsawonsa, ta saurari bugun zuciyar ɗan, a ba da ƙwayoyin ƙarin jini da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Abin da ido ke fara gani shi ne girman cikkunan. Da wuya ka ga mai ƙaramin ciki. Yawanci sai ciki ya shiga wata shida ko bakwai mace ke zuwa, mai cikin fari kuwa kunya kan sa ta ɓoye shi har sai ya bayyana kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mace ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin ta haihu, na farko kafin ciki ya cika wata uku. A nan wadda ta zo sau uku ta yi ƙoƙari, kuma ba ta zo ba sai da maigida ya yarda, aka samu kuɗin mashin, hanya kuma ta yi lafiya.

Watannin da ake rasawa su ne mafi tsada. Ɗan da ke ciki ba shi da wata kasuwa sai jinin uwarsa, kuma ta mabiyiya komai ke isa gare shi: sukari, sinadaran gina jiki, iska, gishiri, ƙarfen da ke ƙera jini. Idan abin da ke isowa ya yi kaɗan, jikinsa kan yi irin dabarar uwargidan da rumbunta ya kusa ƙarewa, ta fara ciyar da wanda ba makawa sai ya ci, saura su yi haƙuri. Ƙwaƙwalwa ce ke cin fari. Ƙoda da hanta da tsoka da 'yar halittar nan ta bayan tumbi mai samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, su ne masu haƙurin. Ƙodar mutum na ɗauke da ƙananan matatai masu tace jini, kuma ana gama ƙera su ne wajen mako na 36 na ciki. Bayan nan ba a ƙara ko ɗaya har mutum ya koma ga Mahaliccinsa. Wanda aka haifa da matatai kaɗan zai girma ya yi noma ya yi aure ba tare da ya ji komai ba, sai ya doshi shekara arba'in jininsa ya fara hawa, shi da likitansa su ɗora laifin a kan gishiri da tunani.

A cikin garin Ƙaura, inda akwai albashi da shaguna, matsalar kan zo ta wata fuska. Shayi mai kauri da safe da burodi, farar shinkafa ko taliya da rana, lemon kwalba idan an yi baƙi, ga zaman gida babu aikin gona. Ciki da kansa yakan sa jikin mace ya rage jin insulin, domin sukari ya daɗe a jini ya isa ga ɗan. Jikin mafi yawan mata yakan daidaita abin, na wasu kuma ya kasa, sukari ya hau, shi ne ciwon sukari na masu ciki. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa haihuwa ɗaya cikin shida a duniya na zuwa ne da hauhawar sukari a jinin uwa. Sukarin uwa yana ƙetare mabiyiya, insulin ɗinta ba ya ƙetarewa. Sai ɗan ya shiga ƙera nasa da yawa, ya tara kitse, ya wuce kilo 4. Ranar haihuwa kai ya fito kafaɗa ta maƙale. Idan Allah ya sa an rabu lafiya, da zarar an yanke cibi sukarin da ya saba samu ya yanke, insulin ɗinsa kuma yana nan da yawa, sai jariri ya yi laushi, ya kasa kama nono, wani lokaci har ya yi jijjiga.

Ranar suna kowa sai tubarkalla, an haifi ƙato. Ni ma na sha faɗin haka, kuma farin ciki da lafiyayyen jariri ba laifi ba ne. Amma idan mace ta jera haihuwar manyan jarirai, ko ta taɓa haifar babban ɗa babu rai, ko ciwon sukari na gidansu, wannan alama ce da ya kamata ungozoma ta sani kamar yadda ta san alamun naƙuda. Masu bincike a Amurka sun bi wata al'umma da ake kira Pima a jihar Arizona, inda ciwon sukari ya yi katutu. Suka kwatanta 'ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya, waɗanda aka haifa kafin uwar ta kamu da ciwon da waɗanda aka haifa bayan ta kamu. Na bayan sun fi kamuwa da ciwon da ƙiba tun suna matasa. Gado ɗaya suka ci, zaman cikin ne ya bambanta.

Matanmu ba baƙi ba ne ga zancen zaƙi. Tun kaka da kakanni ana hana mai ciki yawan shan rake da zuma, kuma idan ciki ya tsufa akan jiƙa mata saiwoyi masu ɗaci, maganin zaƙi, don kada naƙuda ta yi tsawo. A ganina iyayenmu sun hango wani abu na gaskiya, ma'auni ne ba su da shi. Jiƙon ɗaci ba ya faɗa maka ko sukari ya hau ko bai hau ba, kuma babu wanda ya san adadin abin da ke cikin kofin. Gwajin asibiti kuwa a bayyane yake. Tsakanin mako na 24 da na 28 mace ta zo da safe ba ta karya ba, a ɗebi jini, a ba ta ruwa mai giram 75 na sukari ta sha, a sake ɗiba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. Mafi yawan waɗanda aka gano da ciwon gyaran abinci da tafiya a ƙasa ke isarsu: a rage zaƙi da farar shinkafa, a koma ga gero da dawa da wake da ganye. Kaɗan ne ke kaiwa ga allura. Sai dai a ƙananan asibitocin karkara da yawa iyakar abin da ake yi shi ne gwajin fitsari, shi ma idan takardar gwajin ba ta yanke ba, kuma fitsari yakan ɓoye mata da dama.

Hanyar Zurmi ba a yi mata sammako, ba a kuma yi mata yamma. Direbobi kan jira rana ta ɗaga, su tambayi na gaba ko hanya lafiya. Ƙasa ce mai kyau, jigawa da fadama, ga gulaben Gagare da Bunsuru da ke gangarawa su zuba a Rima. Amma da ka yi nisa da gari kaɗan sai ka fara ganin gonakin da ciyawa ta cinye da ƙauyukan da babu hayaƙi. Dajin Dumburum na nan kusa, kuma sunansa kaɗai ya isa. A watan Satumban 2021 gwamnati ta rufe layukan waya da kasuwannin mako a Zamfara don matsa wa 'yan bindiga, talaka ya sha wuyar abin tare da su. A ƙarshen 2023 faɗa ya yi ƙamari a cikin garin Zurmi har MSF ta janye wasu ma'aikatanta na ɗan lokaci. Mace mai ciki a irin wannan wuri, wadda aka kore su daga gona, aka kora shanun da take samun nono, take kwana a ɗakin aro a gari, ba sukari ne ya yi mata yawa ba. Tuwo sau ɗaya a yini, miyar kuka babu nama babu wake, kuma ita ce ta ƙarshe a ci, bayan maigida da yara.

Ko a shekarun zaman lafiya, damina ce lokacin ƙunci ga mai ciki a ƙauye. Hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, aiki ya yi yawa, sauro ya yi yawa. Zazzaɓin cizon sauro yakan maƙale a mabiyiya ya toshe hanyar abinci ko da uwar ba ta jin zafin jiki. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kusan mata masu ciki shida cikin goma a Najeriya ba su da isasshen jini. A ƙauyen Keneba da maƙwabtansa a Gambiya, inda damina da yunwa ke zuwa tare kamar nan, likitoci sun riƙe rajistar haihuwa da mutuwa tun wajen 1950. A 1997 suka wallafa abin da suka gano: waɗanda aka haifa a watannin yunwa, bayan sun tsallake yarinta sun zama samari da 'yan mata, sun fi waɗanda aka haifa da kaka mutuwa da wuri nesa ba kusa ba, yawanci ta hanyar cututtuka masu yaɗuwa. Manoman gero da gyaɗa ne kamar mu, Musulmi kamar mu, ba wasu mutanen ƙasar sanyi ba.

Shinkafi ta fi yi min kama da gari mai numfashi, musamman ranar Alhamis da kasuwarta ke ci. Tun da can sunanta ya kai Nijar da kudancin Najeriya saboda dabbobi da hatsi. Akwai albasa da dankali da tumatir na fadama, akwai wake da gyaɗa da busasshen kifi, akwai zogale da rama da yakuwa a faranti. Duk abin da jikin mai ciki ke nema yana cikin kasuwar nan, kuɗin saye ne ya gagari mutane, wani lokaci kuma sani. Na ga ana sayar da ƙwai da wake daga ƙauye a sayi ɗanɗanon miya da lemon leda da kuɗin, abin ya dame ni.

A babban asibitin garin MSF na taimakawa a ɗakin yara da ɗakin haihuwa, kamar yadda take da wurin kwantar da masu tamowa a Zurmi da Gummi da Talatar Mafara. Duk wanda ya shiga ɗakin tamowa ba zai manta da shirun yaran ba, don wanda ya galabaita ba ya da ƙarfin kuka. Ana zagaya wani ɗan ma'auni mai launi uku a damtsen yaro. Idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ta yi tsanani. Sai a fara da madara ta musamman kaɗan-kaɗan, daga baya a koma ga haɗin gyaɗar nan na cikin leda. Cikin 'yan makonni yaron da aka kawo kamar ba zai kwana ba sai ka gan shi zaune yana wasa da mayafin uwarsa. Aiki ne na ceton rai, Allah ya saka wa masu yinsa. Amma dubi damtsen uwar da ke zaune a bakin gadon. Sau da yawa ita ma ma'aunin zai kama ta, ga nono tana bayarwa, ga wani cikin ya shiga. Yaron da ke kan gado da wanda ke cikin duk daga jiki ɗaya suke ci, jikin da bai farfaɗo daga haihuwar baya ba.

Likitan da ya fara jawo hankalin duniya ga alaƙar zaman ɗa a cikin uwa da cututtukan da ke kama shi bayan ya girma Bature ne, David Barker na Jami'ar Southampton a Ingila. Ya samo tsofaffin littattafan da ungozomomin wata gunduma suka riƙa rubuta nauyin jarirai a ciki tun 1911, ya bi sawun jariran bayan sun tsufa. A 1989 ya nuna cewa waɗanda aka haifa da ƙaramin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya. Aka samu irin haka a Holan, wajen waɗanda suke ciki lokacin yunwar hunturun 1944 zuwa 1945. Misalin da ya fi kusa da mu kuwa a gida yake. Masu bincike daga Inugu da Suwidin sun auna 'yan kasuwa sama da 1,300 a Inugu, suka wallafa sakamakon a 2010. Waɗanda aka haifa a tsakiyar yunwar yaƙin Biyafara, daga 1968 zuwa farkon 1970, sun fi waɗanda aka haifa bayan yaƙin hawan jini da hauhawar sukari da ƙiba, shekara arba'in bayan an ajiye bindiga. Haɗarin ya fi yawa idan jikin da aka gina cikin rashi ya zo ya faɗa cikin maiƙo da zaƙi daga baya.

Wannan shi ne abin da ke tayar min da hankali game da arewacin Zamfara. Yaran da ake ceto yau a Shinkafi da Zurmi, in Allah ya raya su, su ne magidanta da matan aure na shekarun 2050 da 2060. Da yawansu za su bar ƙauye su koma Gusau da Kano da Abuja, su ci abincin gari. Ƙodarsu da zuciyarsu kuwa an ƙera su ne a shekarun gudun hijira. 'Yan matan cikinsu da suka tashi a tsumbure za su ɗauki ciki da ƙaramin jiki, su haifi ƙananan jarirai, abin ya zarce zuwa jikoki. Jihar da a yau mai ciwon ƙoda ke shan wahala kafin ya samu wankin ƙoda, ina za ta kai wannan taron?

Akwai kuma abin da ke biyo bayan haihuwa. Mafi yawan matan yankin a gida suke haihuwa, sannan a shiga wankan jego na kwana arba'in da tafasasshen ruwa da kunun kanwa. A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka rubuta yadda matan Zariya da kewaye ke zuwa da kumburi da haki bayan haihuwa, zuciya ta gaza, suka danganta abin da zafi da gishirin kanwa. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna al'adar kaɗai ba ta isa ta bayyana ciwon ba, akwai talauci da rama da hawan jinin ciki a tare da shi. Ko ma dai yaya ne, macen da jininta ya hau lokacin ciki, ta yi kumburin fuska da ciwon kai, ko ta yi jijjiga wajen haihuwa, bai kamata a ɗura mata kanwa ba. Jaririn da uwarsa ta kwanta ko ta rasu a cikin arba'in shi ne na farko a layin tamowa.

Kada wata uwa ta karanta wannan ta ɗauka an yanke wa ɗanta hukunci, ko kuma laifinta ne. Binciken duk yana magana ne a kan ƙaruwar haɗari a cikin jama'a, ba a kan makomar mutum ɗaya ba, kuma akwai gyara a kowane mataki. Nonon uwa zalla wata shida yana taimakon yaro, yana kuma rage wa uwar da ta yi sukarin ciki haɗarin kamuwa da ciwon na dindindin. Tazarar shekara biyu, wadda addini ma ya zo da ita a shayarwa, tana ba jiki damar mayar da abin da ya rasa. Laifin kuwa, idan ana neman mai shi, ba na matar da ba ta da iko da rumbu ko aljihu ko hanyar asibiti ba ne.

Abin da ake bukata bai kai kuɗin gina sabon asibiti ba. Abin awon hawan jini, na'urar gwajin sukari da takardunta, gwajin yawan jini, ƙwayoyin ƙarfe da folik, maganin rigakafin zazzaɓi aƙalla sau uku, gidan sauro, da allurar magnesiyam ta tsayar da jijjiga. A ƙara da ma'aunin damtse ga kowace mai ciki, wadda ta gaza a ba ta ƙarin abinci kamar yadda ake ba yaro. Ina kira ga gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi su tabbatar waɗannan kaya ba sa yankewa a duk asibitin da ke buɗe, su kuma kai awo sansanonin da 'yan gudun hijira suke, tunda ƙungiyar agaji baƙuwa ce, wata rana za ta tafi. Sarakuna da limamai su sa zancen a bakinsu ranar Juma'a da wajen ɗaurin aure. Kai kuma maigida, da zarar iyalinka ta yi ɓatan wata biyu ka ba ta izini da kuɗin mashin ta je awo, ka tambaya ko an gwada jininta da sukarinta, kuma idan an sauke tukunya a fara zuba mata.